Wata Shidan Mai Sikeli

Magatakardar ta lashi yatsa, ta juya shafi na uku, ta koma na farko, sannan ta ɗago ido ta saman tabarau ta dubi Tela.

"Wa ya cike muku wannan takarda?"

"Kowa da hannunsa, ranki ya daɗe," in ji Tela. "Wanda bai iya rubutu ba, ya faɗa na rubuta masa, ya dangwala yatsa."

Da ɗan alfahari ya faɗi hakan, don mako biyu cur ya yi yana rufe shago da la'asar yana bin gida-gida, har ɗinkin mutane ya taru masa. Mutum ɗari biyu da goma sha ɗaya suka sa hannu. Mai Faci, abokinsa tun suna yara, wanda ya rako shi ofishin filaye cikin wata riga da ba ta taɓa haɗuwa da baƙin mai ba, ya gyaɗa kai kamar da shi aka sha wahalar.

Abin da ya kawo su ba mai tsawo ba ne. Wata guda ke nan da wasu mutane masu hular kwano suka sauka daga farar mota, suka kafa na'urar awo mai ƙafa uku a tsakiyar unguwarsu, suka bi bangaye suna shafa jan fenti. Da aka tambaye su, suka ce a taswira wurin fili ne da babu kowa, kuma an ba wani kamfani ya gina rumbunan ajiye kaya. Suna faɗar haka yara kusan talatin na kewaye da su suna leƙen na'urar. Daga baya aka ji cewa akwai mafita: idan mutanen wuri suka nuna su mazauna ne na dindindin, ba a tashinsu. Shi ne aka ɗora wa Tela aikin, saboda shi ne ɗan wanda ya fara zama a wurin, kuma rubutunsa yana karantuwa.

"Matso ka gani," in ji matar. Ta ɗora bakin biro a kan layi na ƙarshe. "Nan aka ce kowa ya rubuta mazauninsa na dindindin. Karanta mini na farko."

Na farkon nasa ne. A gaban sunansa, da kyakkyawan rubutunsa, ya sa sunan garin mahaifinsa, garin da ke tafiyar yini guda a mota, wanda sau huɗu kacal ya taɓa taka shi tun da ya yi wayo.

Ta ja biron ƙasa a hankali, shafi bayan shafi. Garuruwa talatin da takwas ta lissafa. Babu mutum ɗaya da ya rubuta inda yake kwana yake tashi.

"Malam, kun zo neman a bar ku, kun kuma sa hannu da kanku cewa ku baƙi ne. Yanzu ni ina zan sa wannan?"

"To ai dindindin aka ce, ranki ya daɗe," Mai Faci ya sa baki. "Mu nan ai zama kawai muke yi kafin a koma gida."

"Shekararka nawa kana zaman?"

Mai Faci ya dubi rufi. "Arba'in da shida, in an cire watannin goyo."

Ba ta yi dariya ba. Ba muguwa ba ce, ba kuma mai kirki ba ce; mace ce da ta ga takardu iri-iri har sun daina ba ta mamaki. Fanka na juyawa a kanta ba ta kawo iska, sai dai ta ɗaga gefen fayilolin da aka danne da dutse. Ta tambaya ko sun zo da tarihin wurin a rubuce, kamar yadda aka buƙata. Tela ya zaro littafin awon kwastomomi daga aljihu, ya buɗe ta baya inda ya rubuta, ya gyara murya.

Tarihin bai cika shafi uku ba. Shekara arba'in da tara da suka wuce aka kafa sikelin auna manyan motoci a bakin babban titi, a wani fage da babu ko inuwa. Aka turo mahaifinsa ya riƙe littafin awo na wata shida, kafin a aiko wanda zai canje shi. Motoci suna jerin gwano, direbobi suna jin ƙishirwa, sai ga mai shayi ya kafa tebur. Bayansa uban Mai Faci ya zo da famfon iska da guntayen robobi. Wata bazawara ta ɗora tukunya. Makanikai suka biyo baƙin mai, masu wankin mota suka haƙa rijiya. Shekarar da kogin gabas ya yi ambaliya, gidaje goma sha ɗaya suka zo a kan tirela guda, suka ce za su fake har ruwa ya janye. Da aka rufe wurin fasa dutse, leburorinsa suka gangaro suka yi nasu layin. Shekara ashirin da biyu ke nan da sikelin ya lalace, babu wanda ya zo gyara, babu kuma wanda ya zo ya ce wa mai sikeli ya tashi. Yau gida sittin da uku ne, harshe huɗu ake yi, akwai masallaci na langa-langa da ƙaramin coci a bayan gareji, da rijiya biyu, ɗaya ta fi ɗaya daɗin ruwa.

"Wace ƙaramar hukuma kuke?"

"Ta wannan ɓangaren ta ce mu na waccan ne. Waccan kuma ta ce iyakarta kwalta."

"Mai unguwa fa?"

"Babu. In rigima ta taso, wajen Baba, mahaifina, ake zuwa, tun da shi ya riga kowa."

Matar ta jawo wata takarda mai hatimi, ta juyo ta ta fuskance su. Ta ce tun da sa hannun ya tashi a banza, saura shaida. Abu huɗu doka ta lissafa, ko ɗaya aka samu ya wadatar: makaranta mai rajista, rumfar zaɓe, rajistar haihuwa, ko maƙabarta.

Makaranta dai babu. Yaransu na tsallaka titi su taka kilomita shida zuwa ta gari. Rumfar zaɓe babu, don duk mai ƙuri'a a garinsu ya yanki kati. Mai Faci ya ƙara da cewa ko ranar ƙidaya unguwar wayam take, kowa ya kwashi iyalinsa ya tafi a ƙirga shi a gida, kada garinsu ya ragu. Ya faɗa ne don a yaba musu, sai ya ga matar ta rufe ido.

"Haihuwa fa? Ko ita ma ba kwa yi?"

"Muna yi, sosai ma. Amma da ciki ya kai wata bakwai ake tura mace wajen iyayenta. Wadda ta haihu a nan bisa kuskure, sai an je gida ake yankar wa yaron takarda."

"To maƙabarta."

"Ba mu da ita," in ji Tela.

"Shekara arba'in da tara, ba wanda ya mutu?"

"Ba ma bari, ranki ya daɗe. Da ciwo ya yi tsanani sai a ɗauki shatar mota a mai da mutum gida, ya cika a cikin danginsa. Wanda ta zo masa ba shiri, asibitin gari ake kai shi, can ake rufe shi."

A nan ne ta yi dariya, 'yar gajeruwa, ta toshe ta da bayan hannu. Sannan ta koma aikinta. Ta ce masu dubawa za su je nan da kwana talatin, kuma da ido suke aiki, ba da labari ba. Rajistar makaranta shekara take ɗauka. Rumfa sai zaɓe ya matso. Rajistar haihuwa sai wurin da ke da lambar hukuma, su kuma ba za a ba su lamba ba sai sun kawo shaida.

"Mafi sauƙi ita ce ta ƙarshen," in ji ta tana tattara fayil. "Fili a keɓe, kabari ko guda ɗaya ne, da shaidu biyu. Ba wai ina yi muku fata ba ne. Haka aka rubuta."

Wayar Tela ta yi ruri a aljihunsa. Bai ciro ta ba, ya san Yaya ce, babbar yayarsa da ta zo daga garin aurenta shekaranjiya. Mako uku ke nan Baba yana kwance. Likita ya sallame shi da jakar magani da kallon da kowa ya gane, kwana uku kuma rabonsa da abinci. Ƙarfe huɗu na yau motar da Yaya ta yi shata za ta tashi da shi zuwa gida.

A bas ɗin komawa sun samu kujerar baya, inda tayar ke ɗaga mutum duk ramin da aka faɗa. Mai Faci ya cire hularsa ya ɗora a gwiwa. Shi mutum ne da ba ya iya barin magana ta kwana a cikinsa.

"Kabari ɗaya fa ta ce. Ɗaya tak! Ga Tsoho Mai Wanki nan, shekara biyar yana yi mana sallama, har yau shi ke fara zuwa layin shayi. Ga Inna ta layin ambaliya, amma wannan sai ta ga bayanmu duka. Wa ya rage? Sai..."

Ya mai da hular kansa, ya juya yana kallon gonaki ta taga.

Tela ya san wanda yake nufi. Tun kafin matar ta rufe fayil tunanin ya zo masa, bai nemi izini ba, ya shigo ya zauna. Ya kore shi a matattakalar ofis, ya same shi yana jira a tasha. Kunya ta kama shi irin wadda bai taɓa ji ba, har ya kasa kallon hannuwansa. Yana son ubansa. Shi yake yi masa aski duk ranar hutu, shi yake yanke masa farce, shi ya ɗinka kowace riga da ke jikinsa tun shekara talatin. Amma ga shagonsa mai jan fenti a bango, ga ɗakin da 'ya'yansa biyar suka yi rarrafe, ga gida sittin da biyu na mutanen da suka miƙa masa yatsa ya shafa wa tawada. Ya yi ta istigfari a zuciyarsa har kwandasta ya buga jikin mota ya ce masu sauka a sikeli su matso.

Daga titi ana ganin unguwar gaba ɗayanta. Layin direbobi ne a gaba, sai na makanikai mai baƙar ƙasa, sai na ambaliya da har yau ƙofofinsa ke kallon gabas, sai na 'yan dutse a can baya. Duk gidajen da bulo aka fara su aka ƙarasa da kwano, domin babu wanda ya ga amfanin kashe ƙarfi a kan abin da za a bari. Babu bishiya ko ɗaya da hannu ya dasa. A tsakiya ga farantin sikelin nan, ƙarfe mai tsawon tirela, ya yi tsatsa, mata sun shanya wanki a kansa.

Motar tana ƙofar gidansu, an kwantar da kujerun baya an shimfiɗa katifa. Direban ya buɗe gaban motar yana duba ruwa. Maƙwabta sun fara taruwa a inuwar gareji don yin sallama, kamar yadda aka yi wa kowane tsoho a wurin. Yaya na tsaye a tsakar gida, mayafi a ɗaure a ƙugu, tana ba da umarni.

"Sai yanzu? Tun azahar nake kiranka. Shiga ka ɗauko akwatin Baba, ni bayana ba zai iya ba."

"Yaya, ina son magana da ke."

"Yi a tsaye, rana na yi."

Ya ja ta gefen ɗakin girki. Ya fara ta nesa, kamar mai yankan yadin da ba nasa ba. Ya ce hanya ba ta da kyau, awa tara a mota, anya jikin Baba zai ɗauka? Ta ce na kowa ya ɗauka. Ya ce wa ma ya rage a can? Ta ce gidan kakansu yana nan. Ya ce gidan da jikokin ƙanen Baba suka raba uku, waɗanda ranar da shi da ita suka je ta'aziyya sai da suka yi musu bayanin ko su wane ne? Ta ce jini jini ne, ko bai san fuska ba zai ba da tabarma.

"Wai me ke bakinka ne? Faɗe shi."

Bai faɗa ba. Mai Faci ne, da ya biyo su da niyyar taimako, ya zazzage komai: sa hannun da ya tashi a banza, abubuwa huɗu, kwana talatin, har da kabari ko guda ɗaya.

Yaya ta dubi ƙanenta tun daga hula har takalmi. Ba ta ɗaga murya ba, da ma ta ɗaga da ya fi masa sauƙi.

"Au, shi ya sa hanya ta lalace yau. Ubanmu za ka kafa a ƙasa kamar turken awo don a bar maka shago?"

"Yaya, wallahi ba haka..."

"To yaya ne? Ni na goya ka, na san lokacin da kake ƙarya tun ba ka da haƙori. Mutumin nan shekara arba'in da tara yana cewa zai koma gida. Kai ne za ka tare masa hanya ranar da zai tafi?"

Rabin abin da ta faɗa gaskiya ne, kuma Tela bai san girman ɗaya rabin ba. Ya juya zai shiga ya ɗauko akwatin. Sai suka ji ana ƙwanƙwasa kwano daga ciki, sau uku, da kan sanda. Bangon gidan nan ba ya riƙe sirri; ba don haka aka yi shi ba.

Ɗakin Baba kamar ɗakin wanda ya sauka jiya yake. Gado ne na ƙarfe, da buta, da tabarmar sallah, da akwatin ƙarfen da ya zo da shi, kullum a shirye, kullum a kulle. Bangon fes, babu ƙusa ko ɗaya, don bai taɓa yarda a buga ba. Rigunansa a kan igiya suke. Agogon bangon ofishin sikeli, wanda ya ɗauko don kada a sace kafin mai canjinsa ya iso, a kan akwatin yake zaune, jingine da bango, yana tafiya daidai.

Tsohon ya rame har gadon ya yi masa yawa, amma idonsa tar. Ya nuna wa Yaya bakin gado, ya nuna wa Tela ƙasa.

"Kai, maimaita mini abin da matar ta ce. Kada ka ƙara, kada ka rage."

Haka yake tun yana aiki. Direbobi sun sha yi masa magiya a kan kilo hamsin, bai taɓa rubuta abin da allura ba ta nuna ba. Tela ya durƙusa ya faɗa masa duka, kansa a ƙasa.

"Kai me ka rubuta a layin?"

"Garinmu, Baba."

"Ni na koya maka." Ya numfasa. "Kwana nawa ta ce?"

"Talatin."

"Har da yau?"

"Baba!" in ji Yaya.

"Tambaya na yi. Har da yau?"

"Har da yau," in ji Tela.

Tsohon ya dubi agogo kamar a nan lissafin yake. A waje direba ya rufe gaban mota, ya ɗan taɓa ham.

"Wannan ba a hannuna yake ba," in ji Baba, "ba kuma a hannunka ba, saboda haka ɗago kanka. Ba kai ka fara tunanin ba, tun ranar jan fenti nake auna shi." Ya juya ga 'yarsa. "Ke kuma, uwata, share fuskarki ki saurara. Wanda ya kawo ni nan ya ce wata shida. Ya sauke ni da akwatin nan, ya ce kada in saki jiki. Ban saki ba. Uwarku ta so ta dasa bishiya a ƙofar nan, na tuge ta da hannuna, na ce wa za mu bar wa? Da mai shayi ya zo ya tambaye ni ko nan wurin zama ne, na ce a'a. Shi ya faɗa wa na bayansa, na baya ya faɗa wa na baya. Duk mutanen nan da ke waje, bakina suka ara."

"Baba, ai gida gida ne," in ji Yaya tana kuka. "Can Innarmu take."

"Can na kai ta. Ke kina gaba, ni ina riƙe da kanta a baya. Ba ta kai ba, a kan gada ta cika, tana tambayata ko an kwashe mata wanki daga kan sikeli. Muka rufe ta cikin mutanen da ba ta sani ba, muka juyo washegari. Shekara goma sha ɗaya, sau nawa kika je kanta?"

Yaya ta sunkuyar da kai.

"Ni ma haka. Da a bayan garejin nan take, da kullum na gaishe ta." Ya yi tari, Tela ya tallafe shi har ya lafa. "Je ka sallami mai mota, ka ba shi haƙuri. Ka ce wa Mai Faci ya daina laɓe, ya nemi magina biyu su je bayan layin 'yan dutse, inda ƙasa ba ta riƙe ruwa, su kewaye wuri. Su auna da kyau, kada su yi mini aikin ido."

"Idan kuma kwana talatin ɗin suka cika kana nan fa?" Yaya ta tambaya, da ɗan zafi, tana jan hanci.

"Sai ku gode wa Allah ku nemi wata dabara. Ni ban yi wa kowa alkawari ba."

Direban bai ji daɗi ba, ya kuma nuna. Ya sauke katifar ya jingine ta da bango, ya ja motarsa ya hau titi. Mutanen da suka zo sallama suka tsaya cirko-cirko, ba su san abin da ake yi da sallamar da ba a yi ba. Tsoho Mai Wanki ya tambaya ko motar ce ta lalace. Da aka gaya masa, ya daɗe yana kallon ƙofar, sannan ya ce shi ma dama hanyar garinsu ta yi masa nisa. Daga nan suka watse biyu-biyu, ana magana ƙasa-ƙasa cikin harsuna huɗu.

Da Tela ya koma ɗaki ya tarar Baba ya ba Yaya makulli, ta sauke agogon ta buɗe akwatin. Babu wani abin kirki a ciki: rigar aiki mai maɓallan ƙarfe da asu ya ci, littafin awo na ƙarshe, takardar turo shi aiki da ta koma ruwan ƙasa, da makullin wani ɗaki a can gida wanda ƙofarsa ta daɗe da zama itacen girki. Yaya ta zauna a ƙasa tana ninke rigar, tana warwarewa, tana sake ninkewa.

"Akwai ƙusa a shagonka?" in ji Baba.

"Akwai."

"Kawo, da guduma. Agogon nan ya gaji da zama."

Tela ya kawo. Ya zaɓi wuri a saitin gado, ya kafa ƙusar, ya buga. Bulon ya yi tauri, ta farko ta lanƙwashe, sai a ta biyu ta shiga. Ya rataye agogon ya ja baya.

"Ya karkace hagu."

Ya gyara.

"Yanzu ya yi dama. Kai da kake tela! Ɗan taɓa shi kaɗan. Yauwa, bar shi haka."

Tsohon ya kwanta yana kallon agogonsa a bango, rana ta shigo ta ƙofa ta kwanta a kan ƙafafunsa. Daga can bayan unguwa ana jin muryar Mai Faci yana gardama da magina a kan inda igiya za ta bi. Can sai Baba ya motsa baki, ya shaƙi iska ta hanci.

"Me ake dafawa ne yake ƙamshi haka? Ku zubo mini, yunwa nake ji."

Yaya ta miƙe da gudu har tana tuntuɓe da akwati. Ta dawo da kwano, ta tallafe shi, ta fara ba shi da cokali. Ya ci na farko, ya ci na biyu, a na biyar ya karɓe cokalin ya ce shi ba jariri ba ne. Ta dubi ƙanenta ta saman kan tsohon, ido jawur, kallon da ke cewa to, ga shi nan.

Tela yana tsaye da guduma a hannu. Ya ji daɗi har cikin ransa, daɗi na gaske, ya kuma ji kunyar cewa sai da ya tsaya ya duba ko ya ji daɗin. Ya ajiye gudumar a kan akwati, ya ɗauki kofi ya tafi rijiyar da ta fi daɗin ruwa.